V8 ko ƙaramin inji mai turbo: wanne zan shigo da shi tunda haraji ya yi tsada?

Tambaya: "Na daɗe ina tara kuɗi don in sayo motar gudu daga waje. Raina yana kan mai injin V8, wato mai silinda takwas, amma an ce mini kuɗin fitonta kaɗai zai iya kai rabin kuɗin motar ko ya wuce. Wasu sun ce in haƙura in ɗauki mai silinda huɗu da turbo, tunda yanzu ƙarfinsu ya kusa zama ɗaya. Da gaske girman inji ne ke sa haraji ya hau? Kuma wanne ya fi dacewa in saya?"

Ɗan'uwa, ba ka faɗi ƙasar da motar za ta sauka ba, alhali rabin amsar tana can. Na shafe shekaru tsakanin garejin gyara da teburin takardun fito, kuma kuskuren da na fi gani a wurin masu son motar gudu shi ne su fara zaɓen inji, su biya kuɗi, mota ta hau jirgi, sannan su tafi tambayar abin da kwastan za su karɓa. Cinikin biri a sama ke nan. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne da wane ma'auni hukumar ƙasarka take auna mota. Wata girman inji take aunawa, wata ƙarfinsa, wata hayaƙin da yake fitarwa, wata kuma ba ruwanta da inji sam, darajar motar kawai take kallo. Motar da ta yi sauƙi a wannan ma'aunin ita ce za ta karya ka a wancan.

Kuɗin fito kansa ba haraji ɗaya ba ne, hawa-hawa yake. Ana farawa da tushe: kuɗin da ka sayi motar, a haɗa da inshorar hanya da kuɗin jirgi, abin da masu fito ke kira CIF. A kan wannan ake ɗora harajin kwastan. Sai a tattara su biyun a ɗora harajin musamman na motoci, wanda galibi shi ne ke bin girman inji. Daga ƙarshe a tattara duka a ɗora VAT, harajin da ake ɗora wa cinikin kaya. Ka ga kenan kana biyan haraji a kan haraji, kuma duk ƙarin da aka yi a hawan tsakiya sai ya haifi wani a hawan sama. Shi ya sa wanda ya tara alƙaluman ya ce "goma sha biyar da arba'in da goma sha uku, sittin da takwas ke nan" yakan sha mamaki ranar biya.

Ƙasar Sin ce misalin da ya fi fito da wannan fili, don tsarinta a bayyane yake. Tun 2008 harajin da take ɗora wa mota yana bin girman inji mataki-mataki: kashi 5 cikin ɗari ga injin da ya haura lita 1.5 bai wuce lita 2 ba, kashi 9 har zuwa lita 2.5, kashi 12 har zuwa lita 3, kashi 25 har zuwa lita 4, sai kashi 40 ga duk wanda ya haura lita 4. Harajin kwastan na gama-gari ya sauko daga kashi 25 zuwa 15 a 2018, VAT kuma kashi 13 ne tun 2019. Wani abin da ba kowa ya sani ba, wannan kashi 40 ɗin ana lissafa shi ne daga farashin da harajin kansa yake ciki, don haka a zahiri ya kai kashi biyu bisa uku na abin da ke ƙarƙashinsa. Ɗauki motoci huɗu da kowacce ta iso tashar jiragen ruwa a kan kuɗi 100. Mai lita 2 za ta fito a kusan 137. Mai lita 3 a kusan 148. Mai lita 4 a kusan 173. Mai lita 5 kuwa sai ta kai kusan 217. Dubi tazarar da kyau: tsakanin lita 2 da lita 3 ƙarin 11 ne kacal, amma daga lita 4 zuwa abin da ya ɗara ta ko da cokali ɗaya ne, ƙarin ya haura 40. Harajin ba gangare ba ne da ake hawa a hankali, matakala ce, kuma wasu matakan sun fi wasu tsayi nesa ba kusa ba.

Kamfanonin mota sun san wannan matakalar fiye da kowa. Buɗe takardar bayanin kowace motar gudu ka duba ainihin girman injin, ba wanda aka rubuta a bayan but ba. V8 ɗin Mercedes-AMG da ake kira lita 4, cc 3,982 ne, alhali cc 1,000 ne lita ɗaya. Na McLaren 720S cc 3,994. Na Ferrari 488 cc 3,902. Mai silinda shida na BMW da ke cikin M340i da Toyota Supra cc 2,998 ne, na Porsche 911 Carrera kuma tun da aka sa masa turbo a 2015 ya koma cc 2,981. Na AMG A45 cc 1,991, na Honda Civic Type R cc 1,996. Kowannensu ya zo bakin layi ya ja birki. Ruwa ba ya tsami banza. Har BMW sai da ta rage V8 ɗinta mai lita 4.4 ta yi masa ƙani mai lita 4 saboda kasuwar Sin. Ko lambobin da kwastan na duniya ke rarraba kaya da su suna da nasu layukan: motocin ɗaukar mutane suna ƙarƙashin lamba 8703, kuma masu fetur an raba su a kan cc 1,000, da 1,500, da 3,000. Ƙasashe da yawa a kan waɗannan layukan suka gina harajinsu, shi ya sa cc 3,000 ke yawan zama iyakar da ke raba mai sauƙi da mai tsada.

Abin ba yau ya fara ba. A Italiya, a shekarun 1970 da 1980, VAT ɗin motar fetur da ta haura lita 2 ya kai har kashi 38, kusan ninki biyu na sauran motoci. Ferrari da kanta ta sunkuya: a 1975 ta fito da 208 GT4, V8 mai ƙasa da lita 2. A 1980 ta biyo da 208 GTB mai ƙarfin doki 155, wadda ga kyan jiki amma babu kuzari, har a 1982 aka ɗaura mata turbo ta kai doki 220. Motar kan titi ta farko da Ferrari ta sa wa turbo ke nan, kuma haraji ne ya haife ta, ba tseren mota ba. BMW ma ta yi wa Italiya da Fotugal mota ta musamman, 320is, inda ta ɗauki injin M3 mai lita 2.3 ta rage shi zuwa cc 1,990, ya ba da doki 192, bai fi doki takwas ba tsakaninsa da yayansa. Yau masu tara tsofaffin motoci rububinta suke yi. Kafin su duka akwai Birtaniya, wadda daga 1921 ta riƙa karɓar fam ɗaya a shekara kan kowane "doki" na lissafi, lissafin da ke duba faɗin silinda da yawansu kawai, bai damu da tsawon tafiyar fistin ba. Sai masu ƙira suka koma yin silinda siriri mai zurfi, aka yi shekaru ana ƙera injunan da ba sa son a matsa musu totur, har bayan an soke harajin a ƙarshen shekarun 1940 siffar ba ta bar su nan da nan ba. Na kawo wannan ne don ka san cewa zaɓen inji saboda haraji ba abin kunya ba ne. Ferrari ma ta yi.

Inda matakalar ta fi tsanani a yau akwai Turkiyya. A 2020 harajinta na musamman ya kai kashi 220 ga injin da ya haura cc 2,000, kashi 130 zuwa 150 a lokacin ga wanda ke tsakanin 1,600 da 2,000, sannan a ɗora VAT a kai, wanda ya koma kashi 20 a 2023. Motar 100 mai babban inji ta zama 384 ke nan. Shi ya sa a can za ka ga BMW 520i, babbar mota mai cikar kamala, amma ka buɗe bonet ka tarar da inji mai lita 1.6. A irin wannan ƙasar Toyota GR Yaris abin tausayi ce: injinta cc 1,618 ne, wato cc 18 kacal ta ɗara layin, abin da kaɗan ya fi babban cokali ɗaya, amma ya jefa ta mataki na gaba.

To amma kada ka ɗauka ko'ina cc ake aunawa, don a nan masu ba ka shawarar "ɗauki mai turbo kawai" za su iya kai ka su baro. Hukumomi ma kansu ya waye. Da suka ga ƙaramin inji mai turbo yana fitar da ƙarfin babba, wasu suka koma auna ƙarfin kansa. Singafo ta ƙara sharaɗi a 2014 cewa motar da za ta shiga rukunin ƙananan motoci, bayan kada ta wuce cc 1,600, kada kuma ƙarfinta ya wuce kilowat 97, wato doki 130. Italiya tana karɓar yuro 20 duk shekara kan kowane kilowat da ya haura 185, kusan doki 250 ke nan. Mota mai doki 510 kamar BMW M3 Competition tana da kilowat 375, don haka mai ita zai riƙa biyan yuro 3,800 a shekara ban da harajin yau da kullum, sai ta shekara biyar kafin a fara rage masa. A irin wannan tsarin A45 S mai lita 2 ba ta tsira ba, don dokinta 421 ne. An gudu ba a tsira ba.

Faransa kuwa hayaƙi take aunawa, giram nawa na iskar kabon motar ke fitarwa a kowace kilomita. A 2024 tarar ta kai yuro 60,000 ga motar da ta haura giram 193, kuɗin da ya yi kusan daidai da farashin sabuwar Ford Mustang mai V8. Ka sayi mota ɗaya ka biya kuɗin biyu. Tun 2022 kuma ta ƙara da harajin nauyi, wanda ya fara daga kilo 1,800 aka sauko da shi zuwa 1,600 a 2024. Wasu ƙasashen darajar motar suka fi bi: a Denmak matakin sama na harajin rajista kashi 150 ne, a Singafo kuma ɓangaren darajar da ya haura dalar Singafo 80,000 ana caje shi kashi 320 tun 2023. Inda ake bin daraja, girman inji bai dame su ba kai tsaye. Tsohuwar V8 mai araha tana iya biyan ƙasa da sabuwar mai silinda huɗu.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke mantawa da su. Na farko, harajin kwastan yana bin inda aka ƙera mota ne, ba tambarin da ke gabanta ba. BMW X5 M da X6 M a Karolina ta Kudu ake haɗa su, a Amurka. Supra da ta fito a 2019 a Giraz ta Ostiriya aka ƙera ta, ba a Japan ba. Lokacin da rikicin kasuwanci ya yi zafi a 2018, Sin ta ƙara kashi 25 a kan motocin da aka ƙera a Amurka, kuma cikin waɗanda abin ya fi shafa har da motocin kamfanonin Jamus. Idan ƙasarka tana da yarjejeniyar sassauci da wata ƙasa, takardar shaidar asali ce za ta ba ka sassaucin, ba sunan kamfani ba. Na biyu shekarun mota. Wasu ƙasashe sun hana shigo da wadda ta wuce wasu shekaru, wasu suna ƙara mata haraji, wasu kuma akasin haka. Amurka ba ta barin motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba ta shiga sai ta cika shekara 25, shi ya sa masu son Nissan Skyline GT-R ta 1999 suka zauna zaman jira har 2024.

Yanzu mu bar teburin kwastan mu koma gareji, don maganar "ƙarfinsu ya kusa zama ɗaya" gaskiya ce a takarda, amma tana da wutsiya.

Kwatanta biyu. Injin A45 S lita 2 ne, doki 421, wato kowace lita tana fitar da sama da doki 200. V8 ɗin Mustang lita 5 ne, doki wajen 450, kowace lita tana fitar da kamar 90. Aikin da mutum takwas suke yi suna hira, shi mutum huɗu suke yi suna gumi. Turbo hayaƙin salansa yake amfani da shi ya juya farfela, farfelar ta cusa iska cikin silinda da ƙarfi, a ƙara mata fetur, fashewar ta yi girma. Duk wannan zafi ne da matsi. Injin zai iya ɗauka, don an gina shi don haka, amma da sharuɗɗa uku, kuma ba ya yafiya a kansu.

Sharaɗin farko fetur. Irin wannan injin yana son fetur mai lambar oktan sama, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi, 98 a ma'aunin Turai ga mafi zafinsu. Ka ba shi na ƙasa, fetur ɗin ya riƙa kamawa kafin fulogi ya ba shi wuta, kwamfutar injin ta ji ƙwanƙwasar ta ja wutar baya don ta kare fistin. Ba za ka ga wata fitila ta kama ba, sai dai dokin da ka biya kuɗinsu su riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Babban inji marar turbo ya fi haƙuri da fetur mai rauni, ko da yake shi ma haƙurinsa da iyaka. Na biyu zafi. Iskar da turbo ya matsa tana ɗaukar zafi, sai ta bi ta intakula ta huce kafin ta shiga inji. A rana mai zafi, bayan ka daɗe a cunkoso, intakula ɗin kanta ta yi zafi, ka taka totur ka ji motar ta yi sanyin jiki. Taku na farko da safe daban, na biyar da azahar daban. Na uku baƙin mai. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, a kan siririn mai take shawagi. Na taɓa kwance turbo ɗin wata mota da mai ita ya saba tahowa a guje ya kashe ta nan take, kuma juyen mai sai ya ga dama. Bututun da ke kai mai ya toshe da baƙin gawayi har allura ba ta wucewa, sandar ta yi shuɗi saboda ƙuna, ka taɓa farfelar da yatsa ka ji tana rawa gefe da gefe. Motar ba ta kai kilomita dubu tamanin ba. Ba laifin injin ba ne, amma V8 marar turbo da ya sha irin wannan riƙon da yana nan yana tafiya.

Kada wannan ya sa ka raina ƙaramin inji, don yana da abin da babba ba shi da shi. Ba shi da nauyi, kuma nauyin da aka cire daga gaban mota a sitiyari ake jinsa. Supra mai lita 2 ta fi mai lita 3 sauƙi da kusan kilo ɗari, kuma a hanya mai kwana da yawa akwai direbobin da suka fi son ta duk da dokinta 258 ne kawai. Turbo yana ba da ƙarfin ja tun inji bai ɗaga murya ba, abin da ke da amfani wajen wuce babbar mota. A ƙasa mai tudu kuma ya yi wa marar turbo fintinƙau, don marar turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, shi kuwa turbo yana cike yawancin giɓin. Shan mai ma da sauƙi muddin ƙafarka tana da hankali. In ka matsa masa, zai sha kamar babba, don doki 400 abincin doki 400 suke ci ko daga wane inji suka fito.

Abin da V8 ke da shi wanda ba a sayensa a wani wuri shi ne murya da yadda yake amsa ƙafa. Ka taɓa totur ya amsa a take, babu jiran farfela ta cika, ƙarfin yana hawa daidai da yadda allurar ke hawa har ƙarshe. Wanda ya saba da wannan ba ya jin daɗin mai silinda huɗu ko da ta fi gudu. Mercedes ta gwada: ta cire V8 mai doki 510 daga C63 ta sa mai silinda huɗu da baturi, doki 680. A takarda an ci riba, amma motar ta haura kilo 2,100, kuma masu sayen irinta da yawa suka juya mata baya. Porsche ma da ta mayar da Cayman da Boxster masu silinda huɗu a 2016, ƙorafin murya bai lafa ba har ta dawo da mai silinda shida mai lita 4 a manyan samfuran. Wannan ya nuna maka cewa masu sayen motar gudu ba lamba kaɗai suke saye ba, kuma ba laifi ba ne kai ma ka yarda da hakan a ranka.

Masu haɗa fetur da baturin da ake caji suna samun sassauci a ƙasashen da ke auna hayaƙi, don gwajin hukuma yana ba su lamba ƙarama. Sabuwar BMW M5 haka take, V8 da baturi, doki 727, amma nauyinta ya haura kilo 2,400, kuma nauyi taya da birki yake ci. In za ka saye ta ta hannu a inda babu mai na'urar duba baturinta, ni ban ba ka shawara ba.

In ka tambaye ni nawa zaɓin, ga shi. Inda babban tsallen haraji yake a cc 3,000 ko 4,000, mai silinda shida da turbo mai ƙasa da lita 3 shi ne wurin zama. Yana ba da doki 340 zuwa sama da 500 gwargwadon samfuri, yana da santsi da muryar da mai huɗu ba shi da su, ba a matse shi kamar mai lita 2 ba, kuma ka ga a lissafin Sin ƙarinsa a kan mai lita 2 bai taka kara ya karya ba. Inda tsallen yake a cc 2,000 kamar Turkiyya, ba ka da zaɓi na hankali sai mai silinda huɗu, sai dai ka nemi wadda tun asali a kansa aka gina ta, irin Civic Type R, maimakon babbar mota da aka rage wa inji. Mustang mai lita 2.3 mota ce mai kyau, amma duk wanda ya saye ta yana mafarkin V8, kullum ya tsaya a danja kusa da mai V8 sai ransa ya sosu. Inda daraja kawai ake bi, sayi V8 ɗinka ta hannu mai tarihin gyara a rubuce, ka huta. Inda hayaƙi ko ƙarfi ake aunawa, duba ko tarar tana raguwa da shekarun mota, don sau da yawa mai shekara biyar ko goma ita ce ƙofar shiga.

Za ka haɗu da masu ce maka akwai dabara. Wani zai ce a rage kuɗin da ke kan rasit, wani ya ce a cire tambarin bayan mota a rubuta ƙaramin inji. Kwastan ba tambari suke karantawa ba, lambar shasi suke bugawa, mai harufa da lambobi 17, ita kuma tana faɗin samfuri da shekara da masana'anta, galibi har da irin injin. Suna kuma da ikon ƙin amincewa da rasit ɗinka su ɗora darajar da irin motar ke da ita a wurinsu. Na ga wani da ejan ɗinsa ya rubuta masa lita 3 a kan mota mai lita 4.4. Jami'in ko bonet bai buɗe ba, ya leƙa gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya kwafi lambar, ya koma kan kwamfuta. Aka sake lissafi, aka ɗora tara, mota ta yi makonni a tasha kuɗin ajiya yana hawa kullum, ejan kuma wayarsa ta daina shiga. Da ya biya na gaskiya tun farko da ya fi masa sauƙi. Haka masu shigo da mota da ƙaramin inji su sauya mata babba daga baya: takardunta ba su dace da ita ba, kuma ranar da aka yi hatsari kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biya.

Kafin ka tura ko sisi, karɓi lambar shasin ainihin motar da kake so, ba irinta ba, ka samo cc ɗinta daidai, da kilowat, da giram ɗin hayaƙi, da nauyi, da ƙasar ƙira, da watan da aka ƙera ta. Kai wa ejan mai lasisi biyu da ba su san juna ba, kowa ya rubuta maka lissafi hawa-hawa, sannan ka gwada da jadawalin da hukumar kwastan ta wallafa na wannan shekarar, don waɗannan alƙaluman suna canzawa da kasafin kuɗi, wani lokaci mota tana tsakiyar teku. Tambayi kuma ko sitiyarinta yana ɓangaren da doka ta yarda. Sai ka yi lissafin shekara biyar ga motocin biyu: kuɗin fito, harajin shekara-shekara, inshora, mai, taya, birki, ka cire abin da kake ganin za ka sayar da ita. Wajen sayarwar ka tuna cewa harajin shekara yana bin mota zuwa hannun mai saye na gaba, don haka yana karya mata daraja, shi kuwa harajin shigowa sau ɗaya ake biya, kuma inda ya yi tsada V8 ɗin da ta riga ta shigo takan riƙe farashinta saboda ƙarancin irinta. Wani lokaci ma wadda wani ya riga ya shigo da ita ya sha zafin fiton ta fi wadda za ka yi oda sauƙi, ga shi kuma za ka tuƙa ta ka kai wa makanikenka ya ɗaga ta kafin ka biya.

In tazarar shekara biyar ɗin ta fito, ka dube ta ka tambayi kanka ko za ka iya biyan wannan kuɗin saboda murya da amsa totur kaɗai, ba tare da ka taɓa kuɗin taya da juyen mai ba. Kuma kafin ka amsa, nemi wanda zai ba ka aron kowacce ka tuƙa ta rabin sa'a, har da cikin cunkoso, gilashi a sauke.